Katin Toka na Baba Injiniya

'Yan matan gidanmu a Samaru sun yanke hukunci cewa ni na fi kowa samun aikin hutu. Ranar nan ina shanya a tsakar gida na ji Fa'iza, 'yar mai gidan da muke haya, tana gaya wa ƙawarta, "Ai Maman Jidda kallon hoto kawai take yi a biya ta. Ni da nake yin sa kyauta tun safe, wa ya taɓa ba ni ko ruwan leda?" Suka kwashe da dariya. Duk wanda ke tsakar gidan sai da ya waiwayi dariyar nan, ban da 'yata Jidda, da ke zaune a bakin ƙofa ta ba mu baya. Likita a asibitin Shika ya ce mu ci gaba da lura da ita, wataƙila akwai sauran ji a kunne ɗaya. To lurar nake yi, dama ita ce sana'ata. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aikin nan yake, ko da a firamare na tsaya, don waɗanda suke ganin kallo ba aiki ba ne.

A wurin kakata na fara koyo, ba tare da na san koyo nake yi ba. Ɗinkin hula take yi a gidanmu na Muchia, ni take aike kasuwar Sabon Gari sayen zare. In na kawo fari sai ta ɗora shi a kan wanda take ɗinki da shi, ta ce, "Wannan farin madara ne, ni farin gishiri na ce miki. Koma." Na sha komawa da kuka. Da na yi aure muka dawo Samaru, maigidana yana tuƙa keke napep, akwai wani tsoho da yake yawan ɗauka zuwa Sabon Gari sayen matattun wayoyi. Wata rana yana yi masa ƙorafina, wai na mayar da atamfar da ya sayo mini don shuɗinta bai yi daidai da na mayafina ba, sai tsohon ya ce, "Kawo mini ita."

Baba Injiniya ke nan. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya koyar a jami'a har ya yi ritaya, ya kama ɗaki a saman bene bayan kasuwar Samaru. Ranar da na je ya nuna mini hoton ƙwai biyu a fuskar kwamfuta, ya ce wanne ne ƙwai na gaskiya. Na ce na hagu kamar yanzu aka ɗauko shi ƙarƙashin kaza, na dama kuma kamar ya kwana a firij, ya yi sanyi-sanyi. Ya yi dariya har da buga tebur. Ashe ƙwai ɗaya ne, kyamara ce biyu.

Abin da yake ƙerawa wata 'yar kyamara ce, ba ta fi sabulun wanki girma ba, don unguwarzoma da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Cutar shawara takan kama jariri a kwanakinsa na farko, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. In an gani da wuri, a asibiti a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ya warke. In an makara, ta hau kai, har ta kurmantar da yaro. A jikin baƙin yaro, a cikin ɗaki mai duhu, da wuya ido ya kama ta. Baba yana so kyamarar ta haska idon da farar fitilarta, ta nuna launinsa yadda Allah ya yi shi a wannan lokacin, ba ƙari ba ragi. Shi yana haɗa ƙarafa da wayoyi da lambobi. Ni aikina in duba hoton da ta ɗauka in ce gaskiya ta faɗa ko ƙarya.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai akwatin katako da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, da fitilu a samansa, fara da mai ja-ja irin ƙwan lantarkin da, da tocila, har aci-balbal Baba ya sa aka nemo, ya ce a ƙauye ita ce za ta zauna kusa da jariri. Akwai ƙwai sabo kullum, wanda in an tashi ni nake tafiya da shi gida. Akwai allon zare da na haɗa da hannuna, na jera daga farin gishiri zuwa farin madara, zuwa ruwan man shanu, har ruwan ɗorawa sosai. Kyamarar da ta kasa raba zaren farko da na kusa da shi ba ta sauka daga benen nan.

Amma sarkin kayan shi ne katin toka. Ɗan kwali ne kamar tafin hannu, launin tokar murhu, Baba ya zo da shi daga waje tun yana koyarwa. A ambulan yake kwana, cikin durowa, ba a kama shi sai ta gefe. Kyamara ba ta san fari ba, ba ta san ja ba, sai an gaya mata. Sai a nuna mata katin a ce, wannan ba shi da launi ko kaɗan, daga nan ki auna sauran. Duk wani launi da ta gani a jikinsa, sai ta ɗauka laifin haske ne, ta riƙa cire shi daga kowane hoto da za ta ɗauka nan gaba. Ku riƙe wannan, don a nan komai ya lalace.

Idon kyamarar daga matattun wayoyi muke cirowa, a shagon Oga Chidi na Sabon Gari, wanda a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Waya iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma ido biyu ba sa gani daidai, kamar 'yan uwa ciki ɗaya. Na tuna wani ido da ya cinye mini yini guda. Lambobin Baba sun ce lafiyarsa lau. Na ɗauki farin bango da shi, tsakiya fari, amma kusurwar sama ta hagu ta yi ja-ja kamar an goge jan baki da tsumma. Na sake ɗauka, na juya kyamarar, jan ya bi ta ya koma ƙasa. Wani kuma in haske ya ragu sai hoton ya cika da yashi-yashi, fuska ta koma kamar an barbaɗa mata gero. Wani yakan yi wa gefen abu shunin gemu, ka ga ƙarfen taga da shuɗin layi a jikinsa wanda babu shi a duniya. Wani ƙura ce ta shige masa, ɗigo ɗaya, wuri ɗaya a kowane hoto, in ya faɗa kan idon yaro ka ce ciwo ne. Mafi wuya shi ne baƙin mutum cikin farar riga da tsakar rana. In ka ceci rigar, fuska ta zama rami. In ka ceci fuska, rigar ta ƙone, ɗinkin wuya ya ɓace.

Ga shi ido yana gajiya ba ya sanarwa. In na daɗe a gaban kwamfuta sai komai ya fara yi mini daidai, to a nan ne haɗarin. Sai in fita baranda in kalli bishiyar darbejiya har idon ya wanku, in dawo. Da yamma ina isa gida da ciwon kai, ina yanka albasa ban san ko ita ce ke sa ni hawaye ba.

Baba yana da dokoki biyu. Ta farko, ido biyu: shi ya duba lambobi, ni in duba hoto, sai mun yarda mu biyun kyamara take fita. Ta biyu yakan maimaita ta har na haddace. "Rakiya, ido maƙaryaci ne mai ladabi. Ki zauna a ɗaki mai jar fitila, kafin ki gama shan shayi ya ce miki mayafinki fari ne tas. In haske ya gurɓace, kar ki yarda da idonki. Ki yarda da abin da aka auna."

Kyamarar jarirai ba ta kawo ko sisi, abin da ke riƙe shagon shi ne gyara wa masu hoto nasu. Babban kwastomanmu Alhaji Tanimu ne, mai ɗakin hoto a Sabon Gari. Wata rana ya hawo benen yana haki, ya ajiye kyamara a gabana.

"Malama Rakiya, wannan abar taku ba ta da kara. Jiya wata Hajiya ta ga hotonta ta ce in biya ta hodar da ta shafa."

Na ce, "Alhaji, ai fuskarta ce."

"Fuskarta tana da ita a gida, a madubi, kyauta! Wurina wata take zuwa saya. Ke ma in kika zo sai na rage miki wannan hararar."

Baba ya gyara masa yadda yake so, ta ƙara haske, ta share tabo, ta wanke haƙoran masu cin goro. Da Alhaji ya sauka sai Baba ya nuna mini 'yan kyamarorin jarirai da ke jere a kan katako, ya ce, "Waccan ta 'yan kwalliya ce, ta yi ta kara. Waɗannan ba a koya musu kunya."

Sai shekarar nan ta zo. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka watse, Samaru ta zama kamar gidan da aka gama biki. Masu abinci suka kife tukwane, masu fotokwafi suka ja ƙofa. Maigidana yakan je Sabon Gari ya dawo da fasinja ɗaya a baya. Taransifomar layinmu ta ƙone, aka ce za a kawo wata, ba a kawo ba, man janareta kuma ya fi ƙarfin Baba. Alhaji Tanimu ya rufe ɗakin hoto, ya ce kowa ya koma ɗaukar kansa da waya, ya koma sayar da caja. Da ba wuta, akwatin fitilu ya zama wurin ajiye takarda. Baba ya jawo tebur bakin taga ya riƙa aiki da hasken rana, yana kai batir caji kasuwa. A ƙarƙashin tagar akwai mai suyar awara, hayaƙinta kan hawo mana tun hantsi.

Ni kuma lokacin cikina ya tsufa, hawa benen sai na huta a tsakiya. Cikin fari ne, Inna ta aiko cewa in taho gida Muchia goyon ciki, ba ta son gardama. Na lura a kwanakin Baba yana kai takarda har kan hancinsa, ya taɓa zuwa da safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya mai duhu. Na yi masa magana ya ce tabarau ne ke son canji, in an samu sarari. Ranar da zan tafi ya ce, "Je ki, 'yata, Allah ya raba lafiya. Kujerarki tana nan." Akwai ma'aikatan lafiya na wasu ƙauyuka da suka daɗe suna jiran kyamarorin, ya yi musu alkawari. Ya ci gaba shi kaɗai. Tunda yini yake yana buƙatar katin, ya daina mayar da shi ambulan, ya jingine shi a jikin taga.

Na haihu lafiya. Wanda ya san ɗakin maijego ya san yadda yake. An rufe taga da bargo don kar iska ta shige ni, ga garwashi a kasko, ga ƙwan lantarki mai ja-ja in an kawo wuta, in babu a kunna fitilar ƙwai. Ba na fita sai bayan gida wankan ganye, jaririya kuwa ko ƙofa ba a kai ta. Ba a yi kwana uku ba na ga kamar gefen idonta ya canza. Na ce, "Inna, duba mini idon yarinyar nan."

Inna ta duba ta ce, "Hasken ɗaki ne. Ni ma kalli tafin hannuna, ruwan ɗorawa ne. Ja ce kawai, ta ɗauko kakarta. Ke kin fiye zullumi, sha kununki."

Ta faɗi gaskiya, tafin hannunta ruwan ɗorawa ne, zanen gadon ma haka, bangon ma haka. A irin wannan hasken ne aka koya mini kar in yarda da idona.

Da yammacin ranar Baba ya zo barka da matarsa, Mama Saraya, da sabulu da turmin atamfa. Shi ya tsaya a zaure wurin maza, ya ba ta ɗaya daga sababbin kyamarorin ya ce, "Jikata ce za ta buɗe ta." Na ji sanyi a raina, na ce ga abin da nake nema ya zo har ɗaki. Ni na buɗe idon da yatsana, Mama Saraya ta danna, farar fitilar ta haska. Na karɓa na duba da kaina. Fari tas, farin gishiri. Aka kai wa Baba zaure, na jiyo muryarsa yana cewa, "Lambobi sun yi kyau, a gaya wa Rakiya ta kwantar da hankalinta." Mama Saraya ta sake ɗaukar fuskar gaba ɗaya, mata suka yi ta miƙa wa juna suna Masha Allah.

Bayan kwana biyu Jidda ta ƙi nono. Kukanta ya koma siriri mai tsini, tana banƙarewa ta baya. Inna da kanta ta yaye bargon tagar. Maigidana ya zo da keke, muka kama hanyar Shika da rana tsaka, a cikin keken na fara ganin 'yata a hasken Allah. Ba sai an jera zare ba. Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta yi faɗa ba, ta kai ta bakin taga ta buɗe idon, ta ce, "Tun yaushe?" Suka sa ta a shuɗiyar fitila, suka canza mata jini, sun yi iya ƙoƙarinsu. A Muchia aka yanka rago aka raɗa suna Hauwa'u, mu muna asibiti. Kafin Baba ya ji labari ya riga ya wanke hoton nan ya sa shi a gilashi, ya aika da shi gidan suna.

Bayan na yi arba'in na hau benen da ita a baya. Na samu Baba zaune, tebur ba komai sai kati biyu. Ya aro sabo wurin wani tsohon abokin aikinsa. Bai amsa gaisuwata ba sai da na maimaita.

Ya ce, "Zo ki gaya mini. Kwamfuta ta ce sun bambanta. Ni tun safe nake kallo, kati ɗaya nake gani sau biyu. Wanne ne namu?"

Na nuna masa. Namu ya koma launin tsohuwar jarida, rana da hayaƙin awara sun dafa shi a hankali. An nuna wa kyamara abu mai ruwan ɗorawa an ce mata ba shi da launi, ita kuma ta yi biyayya, ta riƙa cire ruwan ɗorawa daga duk abin da ta gani. Na ɗauko allon zarena na ɗauka da ita. Farin gishiri, farin madara, ruwan man shanu, duk suka fito fari ɗaya.

Baba ya ce, "Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini idanu, duka biyun. Kati ya tsufa, ido ya tsufa, suka rufa wa juna asiri." Ya miƙa hannu zai taɓa kan Jidda, sai ya mayar da hannun aljihu.

Ashe ya riga ya bi ƙauyukan da ya raba kyamarorin, a kan acaɓa, da wannan idon, ya karɓo su ɗaya bayan ɗaya. Suna cikin buhu a bayan ƙofa. Na ce, "Baba, ai gyara ne. Ga sabon kati, ga ni na dawo. Ko ba albashi zan zauna, kwana nawa ne mu daidaita su?"

Ya girgiza kai. "Na shiga gidajen mutane na ce su yarda da ita fiye da idonsu. Ke ma haka na gaya miki. Da wane baki zan koma?"

Na sake zuwa, na turo maigidana, har Mama Saraya na roƙa. Da aka yi masa aikin ido suka tattara suka koma garinsu. Yanzu aski ake yi a ɗakin. Allon zaren yana ƙarƙashin gadona.

Ni kuwa Oga Chidi ya ɗauke ni. In yaransa sun canza wa waya kyamara, ni nake dubawa kafin a miƙa wa mai ita. Ina ganin jan kusurwa, ina ganin yashi, ina ganin shunin gemu, in na buɗe baki sai ya ce, "Madam Rakiya, hoto ya fito ko bai fito ba? To ba shi, kwastoma na jira." Ba wanda ya taɓa dawo da waya don ta yi masa ƙarya. Wanda ya dawo, cewa yake, "Tsohuwar ta fi fitar da ni fari." Wayoyin yanzu duk an koya musu kara tun daga kamfani, suna wanke ido, suna wanke haƙori. Kuma da su mata ke ɗaukar jarirai a ɗakin jego su tura wa 'yar uwa mai aikin asibiti, a amso musu, lafiya lau. Watan jiya yayar Fa'iza ta haihu, aka turo mini hoto wai in duba tunda na san hoto. Ban buɗe ba. Na sa hijabi na je, na ɗauki yaron na kai shi bakin ƙofa, tsofaffin gidan suna ta salati wai zan sa masa sanyi. Nasa fari ne. Na dawo da shi ba wanda ya ce na gode, kuma ba kowane gida zan iya shiga ba.

Hoton nan yana rataye a ɗakinmu, maigidana ya kafa shi. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, "Kai, wa ya ɗauki wannan? Ji ido kamar madara!" Na so in sauke shi, amma Jidda tana son sa, takan zauna a ƙasa ta ɗaga kai ta yi ta kallo.

Jiya da safe tana zaune haka, ni ina bayanta da babban murfin tukunya a hannu. Na matsa ta ɓangaren kunnen da likita ya ce wataƙila. Na tabbatar inuwata ba ta faɗa gabanta ba, na tsaya a kan tabarma don kar ta ji motsin ƙasa, duk abin da zai sa gwaji ya yi ƙarya na kawar da shi, yadda aka koya mini. Sannan na saki murfin a kan siminti. Kajin tsakar gida suka watse. Fa'iza ta leƙo ta taga tana cewa, "Maman Jidda, lafiya?"

Jidda tana kallon yarinyar nan mai farin ido, tana yi mata murmushi.